Ɓarɓashin Fenti a Gwangwani: Wata Malama da Neman Digiri na Uku a Kimiyyar Alkinta Zane

A falon mahaifiyarta akwai wani zane da ya shekara sama da arba'in yana rataye a bango ɗaya. Mahaifinta ne ya yi shi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da yake sana'ar rubuta allunan shaguna da yi wa manyan motoci ado. Bai taɓa shiga makarantar zane ba. Guntun allon silin ya samu a wani wurin aiki, ya shafe shi da farin fenti, sannan ya riƙa zama a tsallaken titi bayan la'asar yana kwaikwayon fuskar gidan kakanninsu: zauren, da zankwayensa biyu, da dagin da magina suka tayar a saman ƙofa, da shuɗi da rawayar da aka bi layukan adon da su. Bayan 'yan shekaru aka zo faɗaɗa titi, aka rushe zauren. Ba wanda ya ɗauki hotonsa. Tun daga lokacin, duk yaron da ya tambayi yadda gidan asali yake, wannan allo ake nuna masa.

Ita kuwa malamar kimiyyar sinadarai ce a wata kwaleji. Digirinta na biyu ta yi shi ne a kan dalma da sauran ƙarafa masu guba a ruwan rijiyoyin da ke maƙwabtaka da majema. Ta san hanyar auna abin da ido ba ya gani a cikin ɗigon ruwa, amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa zanen da ta tashi tana gani shi ma haɗin sinadarai ba ne, sai a hunturun da ya biyo bayan bikin ƙaninta. Ashe ana saura kwana biyu ɗaurin aure, ƙanin ya ga zanen ya dusashe, ya goge shi da tsumma da kananzir, ya karɓo man sheƙi wajen kafinta ya mulka masa. Watannin farko zanen ya yi ta ƙyalli, baƙi suna yabawa. Da iskar hunturu ta kaɗa, sai fentin ya fara tashi kamar ɓawon gyaɗa, daga saman zankon hagu zuwa tsakiyar dagi.

"Inna, wa ya taɓa zanen Baba?" in ji ta.

Da yake 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunanta. Ta ce, "Ke dai bari. Gyara ya yi niyya. Kada ki yi masa faɗa, ya fi ki jin ciwon abin."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta sauke allon, ta kwantar da shi a kan tebur, fuskarsa na kallon sama, ta zauna tana duban tsagar. Abin da ya fi damunta shi ne duk iliminta ba ta san abin da za ta yi ba, ba ta kuma san wanda za ta tambaya ba. Kafinta zai ce a ƙara mai, mai fenti zai ce a sake bin layukan da sabon launi, kowannensu kuwa zai ƙarasa abin da ya rage na hannun mahaifinta.

Fannin da ba ta san da shi ba

A daren nan ta fara karatu, ta tarar ashe fanni ne mai zaman kansa, mai tarihin sama da ƙarni guda. Tun 1888 gidajen tarihi na birnin Balin suka buɗe ɗakin gwaje-gwaje a ƙarƙashin masanin sinadarai Friedrich Rathgen. A 1928 Edward Forbes ya kafa sashen binciken kayan zane a gidan tarihin Fogg na Jami'ar Harvard, inda tarin garin launin da ya fara ya haura samfuri 2,500. A 1930 aka yi taron ƙasa da ƙasa a birnin Rum a kan amfani da kimiyya wajen nazarin ayyukan fasaha, sannan a 1934 Babban Gidan Zane na Landan ya buɗe nasa sashen kimiyyar. Ambaliyar da ta ci birnin Fulorans a ranar 4 ga Nuwamba 1966, wadda ta ɗauke fiye da rabin fentin wani mashahurin zanen Cimabue, ta ƙara tilasta wa masana su nemi sanin yadda ruwa da laka da mai suke yi wa fenti.

Darasin farko da ta ɗauka shi ne zane hawa-hawa yake. Akwai madogara, wato ƙyalle ko katako ko bango. A kanta akwai shimfiɗar fari, sai hawan launi ɗaya ko fiye, sai man sheƙi a sama. Shi kansa launin abu biyu ne: gari mai ba da kala, da abin da ke ɗaure garin, kamar mai ko ƙwai ko ƙaro. Kowane hawa da yadda yake amsa zafi da danshi. Allon silin yana shan laima ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Fentin mai na gida kuwa ƙara tauri yake yi da tsufa, har ya kasa bin motsin allon. Sabon man kafinta da ya bushe ya ja saman tsohon fentin da ya riga ya raunana, shi ke nan sai ɓarewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙanin nata ya gaggauta abin da shekaru arba'in suka riga suka fara.

Darasi na biyu shi ne bambancin ma'aikata biyu da ake yawan gwamutsawa. Akwai mai gyaran zane, wanda ke riƙe da auduga da siririn buroshi, yana manne fentin da ya tashi, yana cire tsohon mai. Irin wannan horo ake bayarwa a Cibiyar Courtauld ta Landan da Cibiyar Hamilton Kerr ta Kambirij, wadda aka kafa a 1976. Akwai kuma masanin kimiyyar alkintawa, wanda matsayinsa ga mai gyara kamar na mai gwajin jini ne ga likita. Shi ne zai ɗauki ɓarɓashin da bai kai kan allura ba, ya binne shi a cikin roba mai garai-garai, ya goge gefensa, ya leƙa ta madubin ƙara girma ya ƙirga hawan. Shi ne zai haska zane da hasken eksire ya gane ina dalma take, ina tutiya, ina ƙarfe, ba tare da ya taɓa shi ba. Ta wannan hanya aka fito da fuskar wata mata da Van Gogh ya rufe da zanen ciyawa, a wani bincike na 2008 da masana daga Delft da Antwerp suka jagoranta.

Ta yi mamakin irin tambayoyin da ke hana waɗannan masana barci, domin tambayoyin ajinta ne. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ake gyaran zanen darasin fiɗa da Rembrandt ya yi a 1632, aka lura da wasu ƙananan ƙuraje da suka huda saman fentin. Bincike ya nuna dalmar da ke cikin farin launi ce ta haɗu da sinadaran mai, suka zama wani irin sabulu da ke taruwa yana tasowa. Daga baya aka gano irin wannan cuta a ɗimbin zane-zane, aka kuma gano farar tutiya na yin nata sabulun da ke raba hawa da hawa. Bangon ɗakin kwanan da Van Gogh ya zana a 1888, wanda duniya ta sani da shuɗi, asalinsa shunayya ne, jan da ke cikinsa ne haske ya cinye. Rawayar da ya fi so kuwa, wadda ake haɗawa da dalma da kuromiyam, duhu take yi. Ko Wolfgang Beltracchi, ɗan damfarar da kotun Jamus ta ɗaure a 2011, farin taitaniyam ne ya tona asirinsa, domin an same shi a zanen da aka ce na 1914 ne, alhali ba a fara sayar da irin wannan fari ga masu zane ba sai bayan haka.

Da ta kai ga batun rawayar dalma sai ta ajiye karatun ta kira Inna a waya, ta ce a hana jikoki rarrafe kusa da inda ɓarɓashin ke zuba. Tsohon fentin gida mai launin rawaya ko ja yakan ƙunshi dalma, ita kuwa ta san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro.

Ƙofofin shiga

Ta daɗe tana neman abin da za ta yi digiri na uku a kai. Shugabanninta sun ɗauka za ta ci gaba da ruwan rijiya, ita ma haka ta ɗauka. Yanzu sai ta fara duba ko mai ilimi irin nata zai samu shiga wannan fanni, ta tarar ma irinta ake nema. Galibin guraben ba a sassan zane suke ba. A sassan kimiyyar sinadarai da fiziya da injiniyan kayayyaki suke, jami'a da gidan tarihi suna haɗa hannu wajen duba ɗalibi. Abin da ake tambaya shi ne digiri na biyu a kimiyya, da gogewa a ɗakin gwaje-gwaje, da shaidar cewa mutum zai iya zama da masana tarihin zane ya saurare su.

Ta kasa ƙofofin gida uku. Ta farko ita ce ta aikin da aka riga aka tsara: manyan masana sun rubuta shawarar bincike, sun samu kuɗi, sun tallata gurbi. Haka abin yake a Holan, inda ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne mai albashi na shekara huɗu, inda kuma gidan tarihin Rijksmuseum da jami'o'in Amsterdam da Delft suka haɗu da wasu hukumomi a cibiya ɗaya. A can ne tun Yulin 2019 ake binciken babban zanen Rembrandt na 1642 a cikin ɗakin gilashi, jama'a na kallo. Haka nan guraben Tarayyar Turai masu sunan Marie Skłodowska-Curie, waɗanda ɗan kowace ƙasa zai iya nema, muddin bai zauna a ƙasar da za ta karɓe shi sama da wata 12 a cikin wata 36 da suka gabata ba. A Ingila ma akwai tsarin da gidan tarihi ke fitar da tambaya, jami'a ta ba da digiri, sai dai wani lokaci ɗalibin waje yakan tarar da giɓi tsakanin tallafin da kuɗin makarantar da ake cajinsa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta shiga sashen kimiyya kamar kowane ɗalibi, sannan mutum ya zaɓi malamin da ke wannan aiki. A Amurka akwai cibiyar da Jami'ar Northwestern da Gidan Zane na Shikago suka kafa tare, akwai kuma digiri na uku a nazarin alkinta kayan tarihi a Jami'ar Delaware. A Italiya, Jami'ar Pisa ta yi suna wajen tantance mai da ƙaro da ƙwan da ke cikin fenti, Perugia kuma wajen na'urorin da ake ɗauka a kai wa zane har inda yake rataye. A Faransa, a ƙarƙashin gidan tarihin Louvre, akwai wata babbar na'urar harba ƙwayoyin zarra da aka keɓe don binciken kayan tarihi kaɗai.

Ta uku ita ce ta wanda ya zo da tambayarsa da kuɗinsa, ta hanyar tallafin Commonwealth, ko na DAAD na Jamus. Wannan ce kaɗai ƙofar da za ta ba ta damar ɗora zanen mahaifinta a tsakiyar binciken, ita ce kuma mafi ƙunci, domin sai an samu malamin da zai yarda cewa allon silin da fentin gida sun cancanci shekara uku na lokacin na'urorinsa.

A nahiyar Afirka ta samu abin ƙarfafa gwiwa, ko da yake bai kai ga buƙatarta ba. Cibiyar ICCROM ta Rum ta daɗe tana horar da ma'aikatan gidajen tarihin nahiyar, daga wannan aiki aka samu Makarantar Kayan Tarihin Afirka ta Porto-Novo a 1998. Cibiyar Getty ta yi aikin ceto fentattun zane-zanen bangon fadar Abomey daga 1993 zuwa 1997. Jami'ar Pretoria ta buɗe digiri na biyu a alkinta kayan tarihi a 2019. Amma na'urorin da tambayarta ke buƙata, da malaman da suka ƙware a tsufan fenti, akasarinsu a Turai da Amurka suke.

Ta aika takarda sau uku, sau uku ana ba ta haƙuri. A karo na farko ta cika takardar da labarin mahaifinta, ba ta ce komai a kan hanyar bincike ba. A na biyu ta cika ta da sunayen na'urorin da ba ta taɓa gani ba. A na uku ba ta san laifinta ba, wataƙila an samu wanda ya fi ta ne kawai. Ana cikin haka ta sayi wata 'yar na'urar auna danshi mai araha, ta rataye ta a ƙusar da zanen yake a da, ta roƙi wata 'yar yayarta da ke zaune da Inna ta riƙa rubuta abin da ta nuna safe da yamma a littafin makaranta. Sun yi shekara guda cur suna wannan.

Tambayar da aka yi mata

Gurbi na huɗu a kan fentin masana'anta ne a zane-zanen ƙarni na ashirin. A nan ta fahimci cewa abin da take jin kunyar ambata shi ne ƙarfinta. Picasso kansa ya yi zane da fentin gida samfurin Ripolin, kamar yadda wani binciken masanan Shikago ya tabbatar a 2013. Jackson Pollock ma da fentin gwangwani ya yi ayyukan da suka ɗaukaka shi. Abin da mahaifinta ya saya a kasuwa don ba shi da halin sayen na masu zane, ɗan'uwan abin da ake kashe maƙudan kuɗi ana bincikensa ne.

An kira ta ganawa ta intanet. Ta kama ɗaki a wani shagon kwamfuta mai janareta don kada wuta ta yanke mata magana. Bayan tambayoyin sinadarai, wata dattijuwa daga cikin masu ganawar ta ce ta karanta aikinta na ruwan rijiya, aiki ne da ke ceton rai, me zai sa ta bar shi ta koma ga fenti? Tambayar ba baƙuwa ba ce. Shugaban sashensu ya yi mata ita, mijinta ma ya yi mata ita cikin lallashi, ita kanta tana yi wa kanta ita duk daren da ta wuce layin masu jiran ruwa a unguwarsu.

Ta shirya amsa a kan gado da al'ada, amma sai ta ɗaga littafin 'yar yayarta ta nuna. Ta ce ƙa'idar da manyan gidajen tarihi suka amince da ita a 2015 ta ce a ajiye zane a danshin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, da zafin digiri 16 zuwa 25, kuma mafi yawan gwajin tsufan fenti a kan irin wannan yanayi aka gina shi. A falon Inna kuwa danshi yakan sauka ƙasa da kashi 20 da hunturu, ya haura 80 a tsakiyar damina, ga ƙura, ga fumfuna, ga gara. Ta ce a ƙasarta akwai zane-zanen Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu ta ɗaliban zane a Zariya a 1958, da na waɗanda suka biyo bayansu, da yawa suna rataye a ofisoshi da gidajen da ba su da na'urar sanyi. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, da aka tsinta a wani gida a Landan, an sayar da shi fam miliyan 1.2 a 2018. Kasuwa ta san darajar waɗannan ayyuka, abin da ya rage shi ne a san yadda fentinsu ke tsufa a inda aka yi su. Game da ruwa kuwa ta ce ba ta da amsar da za ta gamsar da kowa. Abin da ta sani shi ne a kwalejinsu kaɗai akwai mutum huɗu da za su iya ci gaba da aikin rijiyoyi, wannan kuwa ba ta san kowa da ke yin sa ba.

Bayan mako uku saƙo ya zo: an ba ta gurbin. Sai dai an fayyace mata sharaɗi. Kuɗin aikin don zane-zanen gidan tarihinsu aka bayar, a kansu za ta yi mafi yawan shekarunta. Samfuran da za ta kawo daga gida za su iya zama babi ɗaya, in lokaci ya yarda.

Shawarar Malam

Wannan sharaɗi ya hana ta amsawa kwana goma. Za ta bar Inna da ciwon ƙafa, ta bar yara biyu wajen mahaifinsu da gwaggonsu, ta tafi ta yi wa zane-zanen wasu hidima. In ta dawo kuma ba za ta tarar da ko ɗaya daga cikin na'urorin da za ta ƙware a kansu ba. Ta ga waɗanda suka tafi da niyyar dawowa, aiki ya riƙe su, har gida ya saba da rashinsu.

Ta je wajen wani tsohon malamin Hausa, aminin mahaifinta, wanda ya yi ritaya daga jami'a. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Malama, kin san laso?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji ana faɗa."

Ya ce katsi ne, wato dattin da ake kwashewa daga ƙasan karofi a ƙona, a haɗa da gashin jima da dafara, a shafe soro da shi ruwa ba ya shiga. Ya lissafa mata makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da farar ƙasa, da jar ƙasa, da shunin da ake fitarwa daga baba, da bular wanki da masu adon bango suka koma amfani da ita bayan ta shigo kasuwa. Ya ambaci tawadar allon zayyana, wadda ƙaro ke ɗaure ta. Ta ce masa wannan ƙaron da ake fitarwa daga Sudan da Chadi da arewacin Nijeriya shi ne ke ɗaure fentin ruwa na masu zanen Turai. Ya yi dariya ya ce ashe tun tuni suna cikin sana'ar ba su sani ba.

Daga nan ya shiga abin da ke cin ransa. Ya ce su manazarta Hausa sun tattara kalmomin, Bargery ya yi nasa ƙamus tun 1934, Kirk-Greene ya rubuta littafi a kan gidaje masu ado a 1963, an yi ta rubutu a kan Babban Gwani da masallacin Juma'a na Zariya. Amma kalma ba ta faɗin ma'auni. Wanda ya san kwano nawa na katsi ake zuba wa gashin jima, da kwana nawa ake jiƙa makuba, tsofaffi ne da ake binnewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da za a samu mai na'ura ya tantance abin da ke cikin shafen tsohon bango, mai harshe kuma ya zauna da magini da marini ya naɗi bayaninsu da kalmominsu, sai ilimin biyu ya tabbatar da juna. Ɗalibin Hausa zai samu abin yin digiri na uku a kan kalmomin launi da na sana'a wanda bai tsaya ga jera sunaye ba, ɗalibin kimiyya kuma ya san sunan abin da yake aunawa.

Ta ce, "To Malam, in na tafi aka ce babi ɗaya kawai za a ba ni fa?"

Ya ce, "Ki karɓa. Su sun san fenti, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki koyo aunawar, ki dawo mu nuna miki inda za ki auna. Sai dai ki yi sauri, ni ma ina cikin waɗanda ake binnewar."

Kafin ta tashi suka tsara abin da za a iya yi ba tare da jiran kowa ba. Shi zai sa tsofaffin ɗalibansa biyu su fara hira da masu fentin motoci da marubuta allunan shaguna na zamanin mahaifinta: wane gwangwani suke saye, da me suke tsinka shi, me suke shafa wa allo kafin su fara. Ita kuma za ta rubuta musu tambayoyin da amsarsu za ta yi wa ɗakin gwaje-gwaje amfani.

Gwangwanin Inna

Ta amsa saƙon a daren. Washegari ta je ta shaida wa Inna. Tsohuwar ta yi shiru na wani lokaci, ta tambayi shekara nawa, ta tambayi ko ana samun gero a can. Sannan ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon gwangwanin man shafawa, ta ajiye a gabanta.

"Ga shi. Tun ranar da ya fara zuba nake tsincewa. Da kika ce akwai guba sai na daina sa hannu, na koma kwasa da takarda. Na ga hannun mahaifinku ne, ban iya sharewa ba."

Ta buɗe. Ɓarɓashi ne shuɗi da rawaya da fari, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, wasu sun kai farce. Ta ɗauki ɗaya da bakin takarda ta juya shi a hasken taga, ta ga farar shimfiɗar a bayansa, da siririn layin man kafinta a sama. Masu binciken zanen Rembrandt sai sun nemi izini kafin a bar su su ɗauki ƙasa da wannan. Ta nemi ƙananan ambulan, suka zauna ita da 'yar yayarta suna rarrabawa launi-launi, suna duba allon don gane inda kowane guntu ya fito, suna rubutawa.

Allon kansa ba za ta tafi da shi ba, jijjigar hanya za ta ƙarasa shi. Sun kwantar da shi a cikin wani faffaɗan akwatin katako da ƙaninta ya sa aka ƙera, an ɗaga murfin yadda ba zai taɓa fentin ba, aka ɗora shi a kan bulo huɗu saboda gara, a ɗakin da rana ba ta shiga. Ƙanin ne ya ɗauki alkawarin duba shi duk Juma'a, ba tare da ya shafa masa komai ba. 'Yar na'urar auna danshin ta koma cikin akwatin, 'yar yayar kuma ta sayi sabon littafi, domin na farkon ya cika.